Jajayen da Mama Take Bari a Kati

Kafin wani ya ce Rahmatu ta cika zargi, ku tsaya ku ji abin da idona ya gani tukuna. Ni ba mai bin diddigin mutane ba ce, amma idan abu ya shigo har ɗakin uwarka ya shimfiɗa tabarma, ai ba ka ce ba ka gani ba.

A lokacin muna unguwar Malali, ni da Mama, a gidan da Babanmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Ƙannena maza suna makarantar kwana a Zariya. Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da hakan yake nufi. Mama ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" ce kullum, in kuma ta tashi da fara'a, "Ta-Gwaggo". Ba ma hira, ba ma haɗa kwano. Ranar da na fara ganin al'ada ma ba ita ta yi min bayani ba, tasi ta saka ni zuwa Kinkinau wurin Gwaggo Ladidi, yayar Babanmu.

Sai kuma Tijjani. Dogo ne baƙi mai farin gilashi, ya karanci harhaɗa magunguna, yana da kantinsa a kan hanyar Badarawa, unguwar da iyayensa suke. Tun daga kan kwana nake gane ƙarar besfarsa. Danginsa sun riga sun kawo kayan na-gani-ina-so, an tsayar bayan ƙaramar salla za su zo sa rana. Gwaggo har ta fara yi wa ƙawayenta albishir, don ta daɗe tana min gorin cewa sa'o'ina suna goyon na biyu ni ina nan zaune kamar turmi. Ina son Tijjani, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya sa abin ya ci ni ke nan.

Shekarar da ta gabata Mama ta zama wata iri. Tana cikin taka keken ɗinkinta sai ka ga ta fizge kallabi ta yar, gumi yana tsattsafo mata har wuya. Ana tsuga ruwan sama kowa yana neman mayafi, ita tana gaban fanka. In an ɗauke wuta ta ɗauki mafici ta yi ta fifita kamar mai hura gawayi. Ga faɗa. Cokali in ya faɗi sai na ji tarihin rashin hankalina tun daga yaye. An sha rubutu, an yi hayaƙi, Gwaggo ta ce iska ce. Wata rana dai Mama ta saka mayafinta ta fita ita kaɗai, ta dawo da yamma ba ta ce da ni ci kanki ba.

Ba a jima ba ta sauya. Gumin ya ɗauke, barci ya dawo mata, fuskarta ta yi fes. Ta ɗinka wa kanta sabuwar atamfa ruwan goro, ita da tun rasuwar Babanmu ba ta wuce baƙi da ruwan toka. Ta sa lalle, ta zizara kwalli, har na ji tana bin waƙar rediyo ƙasa-ƙasa. Na yi murna, wallahi na yi. Sai dai a daidai lokacin ne gaisuwar Tijjani ta fara tsawo.

Kun dai san gaisuwar suruki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ita ma ta amsa tana kallon bango, ya tashi. To yanzu da ya durƙusa sai Mama ta ce, "Ke, je ki kawo masa ruwa." In na dawo da kofi sai su yi tsit. Sau ɗaya na hango 'yar baƙar leda tana shigewa ƙarƙashin yadin da take yanka. Na tambaye shi a waje, ya gyara gilashinsa ya ce, "Saƙo ne kawai." Saƙon wa? Ya kawo zancen kalar kujerun da nake so. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

Azumi ya kama cikin tsananin zafi. Wata yamma ina kicin ina suyar ƙosai, na tuna sukarin kunu yana ɗakin Mama. Na zo daf da labule ke nan na ji muryarsa, ban ma san ya shigo ba.

"Mama, ki yi haƙuri. Wallahi ba zan ƙara ba."

"Kai da ka saba? Yau ne za ka ce min a'a?"

"Da ban san haka abin yake ba. Yanzu na sani. In na ci gaba na cuce ki, kuma Rahmatu ba za ta yafe min ba."

"Kada ka sako yarinyar nan. Ba ta sani ba, ba kuma za ta sani ba."

Sai na ji Mama ta ce, da irin muryar da take yanke magana, "To in haka ne, ka gaya wa mutanenka su dakata da zuwan nan na bayan salla."

Ban san yadda na koma kicin ba. Ƙosan ya ƙone ƙurmus, na kwashe na zubar. Ku gaya min, me ya saba? Me ba zan yafe ba?

Washegari Mama ta tafi tafsiri, ni kuwa na shiga ɗakinta. Na ɗaga katifa, na zazzage akwati, na laluba aljihun keken ɗinki, babu. Har zan fita idona ya kai kan jerenta na kwalla da ke saman kabad, waɗanda tun na aurenta ne, ba a taɓa su sai za a goge. Murfin ta ƙarshe ya ɗan karkace. Na taka kujera na buɗe.

Katunan magani ne a ciki, sun kai biyar ko shida. Kowane kati ƙananan ƙwayoyi ne a jere, an rubuta ranakun mako da Turanci a bayansa. Layin farare duk an ɓalle an shanye. Layin jajaye kuwa suna nan cif, ko ɗaya ba a taɓa ba. Na zari kati ɗaya na cusa a jaka, na mayar da murfin yadda na same shi.

Wurin Mairo na nufa, ƙawata tun firamare, wadda ta yi aure a Badarawa. Na same ta tana tankaɗen gero. Na ce wata ce ta ba ni in tambaya mata. Mairo ta karɓa, ta kalle ni, ta shiga ɗaki ta ɗaga katifarta ta zaro nata katin ta ajiye kusa da nawa. Farare a jere, jajaye a ƙarshe, ranaku a baya.

"Na hana haihuwa ne," in ji ta. "A asibiti ake ba mu. Jajayen na ƙarin jini ne, ni ma ba kullum nake sha ba."

"Kin tabbata?"

"Ni za ki tambaya? Ke dai faɗa min gaskiya, wace ce? Ba dai ke ba ce, ana saura ƙiris a sa ranarki?"

Na ce Allah ya kiyaye, na tashi. A tasi na dinga jujjuya abin. Mace ta doshi hamsin, mijinta ya daɗe a ƙasa, me za ta yi da maganin hana haihuwa? Kuma a rasa wanda zai dinga kawo mata sai wanda zai aure ni? Ko dai akwai wani mutum, Tijjani ne ɗan aikensu. Ko kuma... Nan nake tsayawa in yi a'uziyya, amma zuciya ba ta da ƙashi, sai ta sake komawa can. Lallen nan, kwallin nan, atamfar nan ruwan goro, duk suka dawo min da wata fuska.

Da la'asar ya zo. Bai shigo ba, a ƙofar gida ya kafe besfa ya yi sallama. Na fito ko hoda ban shafa ba.

"Ranki ya daɗe, azumin ne haka?"

Na zaro katin na ɗaga masa. Murmushin ya gudu daga fuskarsa. Bai ce mene ne wannan ba, ku lura. Cewa ya yi, "A ina kika ɗauko?"

"Ashe ka san shi."

"Na san shi."

"Kai kake kawo mata?"

"Ni ne."

"Mairo ta gaya min ko na mene ne."

"Me ta ce?"

Na faɗa masa. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana kallona. "Subhanallahi. Rahmatu, mahaifiyarki ce fa. Wannan ba irin na Mairo ba ne, kama ce kawai."

"To na mene ne?"

"Ba ni zan faɗa miki ba. Amana ce, kuma ta sa na rantse."

"Amanar da ta fi aurenmu?"

"Ki saurare ni. Ki bar zancen aure yanzu. Ki roƙe ta ta koma wurin likitarta, gobe-goben nan. In kin yi min wannan kin gama min komai."

Ki bar zancen aure! Kun ji fa. Na ce ai shi ke nan an bar shi, kada ƙafarsa ta sake taka ƙofar gidanmu. Ya kira sunana har sau biyu, na turo ƙyaure na saka sakata. Na jingina a jikin ƙofar ina kuka ina jin ƙarar besfarsa har ta ɓace. Ba don na daina sonsa ba ne. Mutumin da aka kama da abu a hannu ya ce amana ce, me kuke so in ɗauka?

Da safe na yi Kinkinau. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana gyaran zogale. Na durƙusa na ce na fasa.

"Kin fasa me? Ke da wa? Yarinya, kada ki maida ni abin dariya a unguwa. Na gama gaya wa duniya."

"Gwaggo, akwai dalili."

"To fito da shi in gani."

Ban yi niyya ba, Allah ya sani. Amma Gwaggo in ta kafe ka da ido sai ka amayar da abin da ke cikinka. Na miƙa mata katin, na faɗi inda na samo, da wanda yake kawowa, da abin da Mairo ta ce. Gwaggo ta saki tiren zogale ta dinga tafa hannu tana salati. Dama ita da Mama ba sa ga maciji tun Babanmu yana raye.

"Biri ya yi kama da mutum! Na ce wannan kwalliyar ta uwarki Larai ba ta banza ba ce. A gidan ƙanena?" Ta ƙulle katin a bakin zaninta. "Tashi ki tafi gida, kada ki ce mata komai. Ni na san abin yi. Da na sallame la'asar zan kwashi tarkacen kayansu in kai wa uwarsa, ta ga aikin ɗanta da idonta."

Na ce ko za ta dakata. Ta ce in na ƙara magana sai ta saɓa min.

Na dawo gida na tarar da fanka tana gudu a ƙarshe, kallabin Mama a ƙasa. Gumin ya dawo. Na shige kicin har aka kira la'asar. Ta idar tana zaune a kan darduma, sai na ji, "Ke."

Na shiga na tsuguna. Fuskarta tana kallon bango, ta turo min wani kati da yatsa.

"Ki je babbar kasuwa, layin masu magani. Ki nuna wannan a ba ki irinsa. Ba kantin yaron nan ba."

Na kalli katin, na kalli bayanta. Duk abin da na haɗiye ya taso min.

"Ba zan je ba, Mama."

Ta juyo. Tunda nake ban taɓa ce mata a'a ba.

"Na san ko na mene ne. Na hana haihuwa ne. Mama, Babanmu fa ya rasu. Wane ne? Ko kuwa shi ɗin ne?"

Na rufe ido ina jiran mari. Marin bai sauko ba. Da na buɗe na ga bakinta a sake, sai kuma ta yi wata irin dariya wadda hawaye ya biyo bayanta.

"Haihuwa? Ni? Innalillahi. Ashe abin da kike kallona da shi ke nan kwana biyun nan." Ta share fuska da gefen hijabi, ta sake juyawa bango, don ba za ta iya faɗa tana kallona ba. "Abin nan na mata ne ya ɗauke min. Shi ya kawo zafin nan da kuka ce iska ce. Likita mace na gani a asibiti. Ta auna jinina, ta duba ƙirjina, ta tambaye ni ko a danginmu akwai mai ciwon nono ko wanda jini ya taɓa daskare wa, kafin ta rubuta min. Ta ce abin da jiki ya daina yi ne maganin yake mayarwa."

Na ji kamar an kwara min ruwan randa. "To shi Tijjani fa?"

"A asibitin babu, aka kwatanta min kantin da ake samu. Na ja mayafi na rufe fuska na miƙa takarda, ina ɗaga ido na ga surukina. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi ya ce in daina wahalar zuwa, zai dinga kawo min. Na ce ya rantse ba zai faɗa miki ba."

"Jajayen kuma? Me ya sa ba kya sha?"

Ta gyara zama tana kallon bango.

"Fararen ne ke kashe zafin. Jajayen in na sha sai abin ya dawo duk wata, kamar wata yarinya. Tun ina budurwa ban taɓa ganin watan salla ba tare da ramuwa a kaina ba. Bara abin ya ɗauke, na ce alhamdulillahi, sai zafin nan ya dinga kayar da ni har na sha azumi. Bana na ce sai na yi shi cur, in yi sallata ba fashi. Allah ya hutar da ni, sai in sa hannuna in dawo da shi? Tun bayan Mauludi na bar su."

"Likitar ta sani?"

"Da na koma ai da ta sani. Ta ce kada in kuskura in raba su. Wai farin shi kaɗai yana sa mahaifa ta yi ta kauri, jan ne yake wanke ta, in ba haka ba mugun ciwo yana iya tasowa a wurin. Ta ce in na ga jini ba a lokacinsa ba in zo a ranar. Su likitoci ai ba sa rasa abin tsorata mutum." Ta ja tsaki. "Ni ce da bakina na tambayi yaron nan ko akwai mai farare zalla. Shi ke nan ya tsare ni da tambaya kamar alƙali, ya ce ba zai ƙara kawowa ba sai na koma asibiti. Na yi masa barazana da aurenku don ya sauko, ya ƙi. Ɗan banzan taurin kai."

Wato ya zaɓi ya rasa ni da ya miƙa mata abin da zai cuce ta. Ni kuma na rufe masa ƙofa da sakata.

"Mama, kin ga jinin ne?"

"Ɗan ɗigo ne, can ba a rasa ba. Tashi ki ba ni wuri, kin sa na faɗi abin da uwa ba ta faɗa wa 'yar fari."

Ta dafa gado ta miƙe. Ni na fara gani. Bayan zaninta ya ɓaci, har ya taɓa dardumar, kuma ba ɗigo ba ne. Ta bi idona da kallo, ta gani. Ta koma ta zauna a bakin gado a hankali, ta daɗe tana kallon dardumar. Rana ta riga ta yi sanyi, maƙwabta har sun fara dama kunu.

"Miƙo min ruwa," ta ce.

Na ɗebo a randa na kawo, hawaye yana zubo min. Ta riƙe kofin da hannu biyu.

"Ki je ki kira shi. Ki ce ya zo da tasi, na yarda. Ki ce kuma maganar bayan salla tana nan, faɗa ne kawai." Ta nuna saman kabad da haɓa. "Sauko da katunan nan duka, ya ce likita za ta so ta gani. Ɗazu na duba na ga kamar babu ɗaya. Ke kika ɗauka?"

Na sunkuyar da kai.

"Yana wurin Gwaggo."

"Wace Gwaggon?"

"Gwaggo Ladidi. Ta ce da ta idar da la'asar za ta kai wa mahaifiyar Tijjani, ta haɗa da kayansu."

Kofin ya riga ya kai bakin Mama. Ta sauke shi a hankali ta ajiye a ƙasa, ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba.